Baƙar Hula a Layin Ƙarshe

Kun gan shi. Kada wani a cikinku ya ce mini bai gan shi ba. Kun gan shi a gindin matattakala ya dafa bango, yana yi kamar igiyar takalminsa yake dubawa. Kun ga wuyan riga ya yi masa yawa, kun ga an huda wa bel ɗinsa sabon rami. Kuka washe baki kuka ce, "Kai, ka warware sarai, kamar ba kai ka kwanta ba!" Sannan kuka kawar da kai kuka yi gaba, kuna jin kun yi aikin lada. To, ku zauna ku ji inda daɗin bakin nan naku ya kai shi.

Mai gyaran lif ne. Idan lif ya tsaya a ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen garin, mutane suka taru a ƙasa suna tsaki suna duba agogo, shi ake kira. Mai gyaran lif kuwa ba ya hawa lif, tunda sai ya lalace ake nemansa. Da ƙafa yake hawa har ɗakin inji da ke can saman rufi, akwatin kayan aiki a hannu, naɗin waya a kafaɗa. Abokan aikinsa sukan yada zango a hanya su sha iska. Kafin su iso ya riga ya buɗe murfin inji, hannunsa dumu-dumu da giris, yana tambayarsu ko kasuwa suka biya.

Wannan ƙarfin ba daga sama ya faɗo ba. Shekara da shekaru yana cikin wani kulob na masu gasar wasa uku: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a sa gudu, duk a jere ba hutu. A ruwa ya fi shahara, shi ya sa 'yan kulob suka laƙaba masa Tarwaɗa. Sunan ya bi shi har wurin aiki, har 'ya'yansa ma in tsokana ta motsa sukan faɗe shi daga bayan ƙofa su ruga.

Ciwon ya fara kamar ba komai ba. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ya sayi ƙwaya a kemis ya watsa, ya ci gaba da atisaye, don a kulob ɗin nan wanda ya ce zazzaɓi ya hana shi fitowa ya zama abin dariyar wata guda. Wata ranar aiki aka tsince shi a ɗakin inji, kwance rub da ciki, sifana tana hannunsa. Ya yi makonni a asibiti tsakanin rai da mutuwa. Likita ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga naman zuciyarsa ta kumbura shi. Ya fito da ransa, amma rabin jikinsa ya baro a gadon asibiti. Cinyoyin da suke cika wando suka koma kamar sandar mofa.

A gida kowa ya koyi tafiya a hankali. Matarsa malamar firamare ce, mace mai baki wadda a da ba ta raga masa ko kaɗan, amma sai ta koma yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Kekensa na tsere da ke rataye a bangon falo ta sauke ta tura bayan kabad, aka bar ƙusoshi biyu tsirara. In ya ɗauki bokiti a karɓe. In ya sunkuya zai ɗauki ƙaramar 'yarsa a ce, "Ke, sauka, Abba ba shi da lafiya." A wurin aiki Manaja ya ba shi tebur kusa da taga da wayar karɓar koke. Aikinsa yanzu ya ji an ce lif ya tsaya a gini kaza, ya tura wasu, ya bi bayansu da kallo suna fita da akwatinsa.

Da ya koma ganin Likita bayan wasu watanni, ta duba hoton zuciyar ta ce an samu sauƙi. Sai ya yi mata tambayar da yake kwana da ita yake tashi da ita.

"Likita, zan iya komawa atisaye?"

"Ya ma kamata ka motsa jiki," in ji ta. "Amma daga ƙasa, Malam. Ka ɗauka tunda aka haife ka ba ka taɓa gudu ba. Tafiya, sassarfa kaɗan, hutu mai yawa. Ruwa kuwa, kada ka kuskura ka shiga sai da mai ido a kanka. Irin wannan zuciyar ba ta yin sallama kafin ta yi abinta."

A tsaye ta faɗa, hannunta a kan mariƙin ƙofa, don layin marasa lafiya ya kai har baranda. Amma ta faɗa, kuma ya ji.

Bari in gaya muku yadda kulob ɗin yake, don a nan cutar take. Tsarin atisayensu hawa uku ne, kowanne da launin hular iyonsa. Rawaya ta masu farawa ce: gajeren iyo, gudu ana yi ana tafiya, ranakun hutu sun fi na aiki yawa. Shuɗiya ta tsakiya. Baƙa ta manya, masu fita kusan kullum, waɗanda ke ganin hutu ragwanci ne. A tafkin iyo na filin wasa, masu rawaya ne a layukan da ke gaban kujerar mai ceto, masu shuɗiya a tsakiya, baƙaƙe can layin ƙarshe jikin bango. Mai ceton mutum ɗaya ne, idanunsa biyu, kuma umarnin da aka ba shi tun ranar da aka ɗauke shi aiki shi ne ya tsare masu rawaya. Baƙar hula ba a kallonta. Abin tinƙaho ne ma a wurinsu, wai ka kai matsayin da ba ka bukatar ido.

Sannan Koci ba ya zaɓar wa kowa hula. A farkon kowace kakar wasa ana ajiye kwando a bakin ruwa, kowa ya taso a gaban jama'a ya ɗauki tasa. Suna kiran wannan girmamawa, wai duk manya ne, kowa ya san jikinsa. Abin da ba sa faɗa shi ne, tunda aka kafa kulob ɗin ba a taɓa ganin wanda ya sauka ba. Hawa kawai ake yi. Wanda ƙarfinsa ya gaza sai dai a daina ganinsa, in an tambaya a ce aiki ya yi masa yawa, ko ya yi tafiya. Sun gwammace mutum ya ɓace da a gan shi da rawaya bayan baƙa. Kuma mutane ne masu ilimi, masu digiri, masu yi wa 'ya'yansu faɗa a kan gaskiya.

Saƙon buɗe sabuwar kaka ya shigo wayarsa wata yamma yana zaune a falo, matarsa a gefe tana makin littattafan 'yan ajinta. Ya karanta ya kife wayar. Ya sake ɗagawa. Ya sake kifewa.

"Wayar nan za ta ƙare da kallo," ta ce, ba ta ɗago ba. "Mene ne?"

"Kulob ne. Ranar Asabar za a ɗauki hula."

Biron hannunta ya tsaya.

"Abban yara."

"Ai ban ce zan je ba."

"Bakinka bai ce ba, amma ƙafarka ta riga ta tafi. Ga ta nan tana rawa."

Ya dafe gwiwarsa. "Likita da kanta ta ce in motsa jiki."

"Ta ce daga ƙasa. Ina wurin, da kunnena biyu."

"Akwai shuɗiya. Tsakiya ce, ba wata wahala."

"Kai ɗin? Kai da jiya ka tsaya a matattakala kana ta gaisawa da maƙwabcinmu na ƙasa, har kana tambayarsa lafiyar motarsa? Mutumin da ka shekara ba ka ce masa ci kanka ba? Ina jin ka ta taga, numfashi kake saye da gaisuwa."

Dariya ta kuɓuce masa bai shirya ba, don rabon da ta yi masa irin wannan tsiyar tun kafin asibiti. Dariyar ta koma tari, ta miƙe za ta kawo ruwa, ya ɗaga mata hannu.

"Kin san su wa ke sa rawaya?" ya ce da tarin ya lafa. "Waɗanda nake koya wa yadda ake hura numfashi a ruwa. Akwai wani mai gidan burodi, ni na tallafe masa ciki ranar farko, yana kururuwa yana kiran uwarsa a ruwan da bai kai masa ƙirji ba."

"To sai me? Yanzu sai shi ya tallafe maka." Ta ajiye biron, muryarta ta sauka. "Ban hana ka zuwa ba. Na gaji da ganinka kana kallon bango kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ka je. Amma ka dawo mini. Ni na yi zaman asibitin nan, ni na riƙa kallon na'urar nan ina jiran ta yi shiru. Ba zan iya na biyu ba, wallahi ba zan iya ba."

Ina so ku riƙe wannan da kyau, don na san ku, za ku so ku ce shi ya jawo wa kansa. Tarwaɗa ba wawa ba ne. Washegari a wurin aiki, lif yana lafiya ƙalau, ya bar shi ya bi matattakala don ya gwada kansa inda ba mai gani. Bai yi nisa ba idanunsa suka fara ganin duhu, zuciyarsa ta shiga fiffike kamar tsuntsun da aka rufe a ɗaki. Ya zauna a kan siminti, ya jingina kai da ƙarfen riƙo, gumi mai sanyi yana bin bayansa. A nan ya yanke hukunci, shi kaɗai, ba wanda ya tilasta shi. Da ya koma gida ya tarar da ita a kicin ya ce, "Rawaya." Ba ta juyo ba, amma ya ga kafaɗunta sun sauka.

Duk da haka ba ta bar abin a hannunsa shi kaɗai ba. Yana wanka ta ɗauki lambar Koci a wayarsa, ta kira shi ta gaya masa komai, har maganar Likita a kan ruwa.

Ranar Asabar a cikin bas yana ta maimaita abin da zai ce, leɓensa na motsi har wata tsohuwa da ke gefensa ta ɗauka addu'a yake. "Bana daga ƙasa zan faro, umarnin likita ne." Gajeriyar magana ce, ba ta da abin kunya. Ya faɗe ta da murmushi, ya faɗe ta da ɗaure fuska, ya zaɓi ta murmushin.

Tun daga ƙofa warin maganin ruwa ya tare shi, sai da ƙwalla ta cika masa ido. Tayil mai santsi a ƙarƙashin ƙafa, amon muryoyi yana dukan rufi yana dawowa, igiyoyin layi masu ƙwallaye suna lilo a kan ruwa. Bai gama shiga ba Lauya ya hango shi. Lauya abokin tserensa ne na shekaru, ƙato mai murya kamar lasifika, wanda bai taɓa cin Tarwaɗa a ruwa ba kuma bai taɓa daina alkawarin zai ci ba.

"Jama'a, kowa ya yi ta kansa, Tarwaɗa ta dawo ruwa!" Ya rungume shi har ya ɗaga shi daga ƙasa. "Ka ga mutum! An ce mana ka kusa sheƙawa, ashe hutu ka tafi ka bar mu da wahala. Ku dubi cikinsa, ko ɗigon kitse babu. Wane asibiti ne wannan? A kai ni gobe, matata ta huta da gori."

Aka kewaye shi, wannan ya ja hannu, wancan ya daki kafaɗa. Da ya cire riga idanu suka sauka a kansa. Sun ga haƙarƙari a jere, sun ga tabon allurai a hannu, sun ga wandon iyo an ƙulle igiyarsa sau biyu. Kowa ya gani. Sai kuma kowa ya ƙara ɗaga murya.

"Wallahi ka fi da kyau!"

"Nauyin tsere kenan, Oga. Mu ne muke fama da tumbi."

Koci ya zo ya gaishe shi da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Yaro ne a kansa, kuma Tarwaɗa ne ya fara kawo shi kulob ɗin, shi ya koya masa juyi a jikin bango. Har yau Yaya yake ce masa.

Aka kawo kwandon aka ajiye. Sababbin zuwa suka fara, kowa ya ɗauki rawaya yana sunne kai. Mai gidan burodi ya taso yana tafiyar ƙasaita ya ɗauki shuɗiya, aka yi masa tafi da fito. Aka zo kan manya, Lauya ya ce ba mai taɓa kwando sai Tarwaɗa ya fara.

Ya taka zuwa bakin ruwa. Ya sunkuya, jiri ya ɗan ɗebe shi, ya daure. Ya sa hannu ya ɗauki rawaya. Robar tana da sanyi, tana mannewa a yatsu. Ya miƙe ya ɗaga ta yadda kowa zai gani, ya yi murmushin da ya zaɓa a bas, ya buɗe baki.

"Bana daga ƙasa..."

Lauya ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Ko ya ɗauka wasa ne da gaske, ko kuwa ya ga gaskiya ta tunkaro shi ya rasa inda zai sa ta, wannan shi da Allahnsa. Sauran suka kama, dariya mai ƙarfi irin ta mutanen da aka sauke wa kaya.

"Ɗan iska! Har yau ba ka daina ba? Kai da rawaya, mu kuma mu sa me, kwano?" Ya fizge hular ya cilla cikin kwando, ya zaro baƙa ya buɗe ta da hannu biyu ya kafa masa a ka, har ta rufe masa gira. "Layin ƙarshe ya yi kewarka, mutumina. Yau zan ci ka, ko da rabin hannu ne."

Tarwaɗa ya ɗaga ido ya dubi Koci. Koci ya sani. Shi kaɗai a wurin nan ya ji maganar Likita kalma bayan kalma. Ya dubi Tarwaɗa, ya dubi Lauya, ya dubi usur ɗin da ke wuyansa, ya juya shi a yatsunsa.

"Yaya ya san jikinsa," in ji shi.

Za ku ce ai da ya cire hular ya maimaita maganarsa. Gaskiya ne. Amma ku gwada yin watanni ba wanda ya yi dariya da ku, kowa na karɓe muku bokiti, ana yi muku magana kamar kuna iya fashewa. Sannan ku tsaya a tsakiyar mutanen da suka kira ku ɗan iska da ƙauna, ku ce musu su daina, ku ba mutumin nan ba ne. Abin da yake nema ba shi da yawa. Mutum ɗaya yake so ya ce, "Ku bar shi, da gaske yake." Sun fi talatin a wurin, ba a samu ba.

Aka busa usur, ya faɗa ruwa.

Da farko daɗi ne zalla. Ruwa bai yi masa magana ƙasa-ƙasa ba, bai karɓe masa komai ba. Hannunsa ya tuna hanyarsa, ƙafarsa ta tuna bugunta, ya je bango ya juya kamar jiya ya bari. Har ya fara cewa a ransa wataƙila su ne da gaskiya, wataƙila tsoro ne kawai ya yi masa yawa. Ya ga Lauya a gabansa da tsawon mutum guda, ya ƙara wuta.

A tsakiyar layi, wajen zurfi, abin ya zo. Ba zafi ya fara ji ba. Zuciyar ce ta yi kamar ta tsallake bugu, ta yi shiru, sannan ta barke da gudu ba tsari. Hannayensa suka yi nauyi kamar an cika su da yashi. Ya ɗago zai ja iska ya ja ruwa. Ya kai hannu ga igiya, yatsunsa suka goge ƙwallon suka zame, ya nutse. Daga ƙasa yana ganin hasken fitilu yana rawa, yana ganin ƙafafun mutane suna wucewa ta samansa ɗaya bayan ɗaya, a tsare, kowa na bin na gabansa. Ba wanda ya dubi ƙasa. Mai iyo a layin manya bango yake kallo da agogo.

Bai san yadda aka yi ba, ya dai ji igiya a tafinsa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗora haɓa a kai, yana tari ba sauti. Ya dubi kujerar mai ceto. Ƙeyarsa ya gani. Mutumin ya duƙa yana nuna wa wani dattijo mai rawaya yadda zai saki bango, yana aikinsa tsakani da Allah, yadda aka ce ya yi. Tarwaɗa ya so ya ɗaga hannu, amma in ya saki igiya zai koma ƙasa. Ya so ya yi kira, muryar ba ta nan.

Lauya ya sake zagayowa, ya ɗago kai yana haki, ya gan shi a rataye.

"Au, jiranmu ma kake? Rainin hankali!" Ya watsa masa ruwa a fuska ya wuce.

Da jan igiya ya kai bango, taku-taku kamar mai hawa rijiya. Ya daɗe a nan kafin ya iya fitar da jikinsa. Da aka tashi Lauya ya sa aka yi masa tafi, ana cewa zaki ya dawo, wasu na cewa kamar bai taɓa tafiya ba.

A ɗakin canza kaya yana zaune a benci yana fama da maɓallin riga, Koci ya shigo. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana juya usur ɗinsa.

"Yaya, Madam ta kira ni shekaranjiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce dai in kula."

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce in Allah ya yarda." Ya dubi leɓen Tarwaɗa da ya yi fari kamar toka, ya mayar da idonsa kan ƙugiyar rataye kaya. "Amma na ga ka yi ƙoƙari. Yaya jikin?"

Ya yi tambayar ne irin yadda ake yi in amsa ɗaya kawai ake so. Tarwaɗa ya ba shi ita.

"Alhamdu lillahi."

"Madalla, madalla." Fuskar Koci ta saki. "To Asabar mai zuwa baƙaƙe dam za mu je, Yaya. Dogon iyo, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Na sa ka a motar Lauya."

A dam babu igiya, babu bango, babu kujerar mai ceto. Akwai kwalekwale, amma sai ranar da masu shuɗiya za su shiga ake fito da shi.

Da ya isa gida rana ta yi tsaka. Ya daɗe a matattakala, wannan karon ba maƙwabcin da zai fake da shi. Matarsa ta buɗe ƙofa da fara'a, ta karɓi jakar, ta ce ya zauna ta shanya kayan kafin su yi wari. Yana zaune a falo yana hango bayanta a baranda. Ta zaro tawul ta shanya. Ta zaro wando ta matse ta shanya. Ta sake sa hannu, ta tsaya.

Ya so ta yi ihu. Ya so ta jefe shi da baƙar hular, ta zage shi tas kamar yadda ta iya a da. Sai ta shigo a hankali, hular tana ɗiga a hannunta.

"Ka ce mini rawaya."

"Na ɗauka. Wallahi na ɗauka, har na ɗaga ta."

"To?"

"Suka yi dariya."

Ta dube shi, ta dubi yadda yake numfashi da baki, bai bukaci ya ba ta sauran labarin ba.

"Kada ka koma."

"In ban koma ba sai a ce aiki ya yi mini yawa," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wane aikin? Ɗaukar waya? Can ne kaɗai ya rage mini, Maman yara. Can ne kaɗai ba a ce mini sannu."

"To ka koma ka ce musu rawaya kake so."

"Na ce."

Ta ɗauki wayarta ta kira Koci a gabansa. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, ta sake katsewa. Ta ajiye wayar a kan tebur, ta shiga kicin, ta kunna famfo da ƙarfi don kada yara su ji.

Yana nan da ransa. Ranar dam ba ta zo ba tukuna. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugu ko ɗaya a labarin nan. Lauya zai iya ba shi ƙodarsa in an nema. Koci kunya ce ta kama shi, irin kunyar da muke yaba wa yaranmu a kanta. In abin ya faru su ne za su fi kowa kuka, su ne za su ce mutum ne mai ƙarfin hali, ya ƙi yarda ciwo ya kayar da shi. Za su yi masa yabo mai kyau, sannan su sake fito da kwandon a kaka mai zuwa.

Kowannenku ya san mutum irinsa. Ƙila a filin wasa, ƙila a wurin aiki, ƙila a ɗakin da ke kusa da naku: wanda ya tashi daga babban ciwo yana ƙoƙarin ɗaukar kayan da yake ɗauka a da, yana zare ido yana neman wanda zai ce masa ya rage. Ku tashi ku same shi yau. Ku dube shi ido cikin ido ku ce, "Ba ka gama warkewa ba, na gani. Sauka ƙasa, ni ma zan sauka tare da kai." In a gaban jama'a ne aka yi masa dariya, a gaban jama'a za ku faɗa. Zai ji haushi, ƙila ya daina gaishe ku. Ku faɗa duk da haka, kuma ku faɗa kafin Asabar.